Kofur Zuberu Munkaila da Shekarunsa Talatin da Uku Bayan Monrobiya

Haihuwa da Nasaba

An haifi Zuberu Munkaila a Tsohon Zango na birnin Kumasi ranar Talata, 14 ga watan Maris na shekarar 1961, cikin goman ƙarshe na watan Ramadan, shekara ta 1380 bayan Hijira. Mahaifinsa shi ne Malam Munkaila Seini, maɗinkin riguna kuma mai karantar da allo a zauren gidansa, wanda kakansa ya zo daga Birnin Ƙonni tare da fataken goro ya zauna a ƙasar Asante. Mahaifiyarsa ita ce Hawa'u Seidu, wadda ta shekara fiye da ashirin tana sayar da koko da ƙosai a bakin layinsu. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya tara.

Karatu da Sana'a

Ya fara karatun allo a gaban mahaifinsa yana ɗan shekara biyar, ya kuma sauke Alƙur'ani mai girma a shekarar 1973. An sa shi makarantar boko a 1968, ya kammala midil a 1978 ba tare da wani sakamako na a zo a gani ba, domin tun yana ƙarami hankalinsa yana kan injin mota. A shekarar da ya bar makaranta aka kai shi Suame wurin makanikai, inda ya yi shekara biyu yana koyon gyaran manyan motoci, daga nan ya bi wani direba a kan hanyar Kumasi zuwa Tamale har ya sami lasin tuƙi a 1981.

A duk tsawon waɗannan shekaru amininsa ɗaya ne, wato Idirisu Awalu, wanda gida biyu ne kacal tsakanin gidansu da na Malam Munkaila. Idirisu shi kaɗai ne ɗa a wurin mahaifiyarsa, Mma Anisa, wadda mijinta ya rasu tun yaron yana goye, ta raine shi da sana'ar shinkafa da wake.

Shiga Aikin Soja da Aure

A shekarar 1983, lokacin da fari ya jefa ƙasar cikin yunwa, sufuri ya tsaya saboda ƙarancin mai da tayoyi, Zuberu ya yanke shawarar shiga soja. Mahaifinsa bai so ba, amma bai hana ba. Zuberu ne kuma ya kwaɗaita wa Idirisu aikin, ya je gaban Mma Anisa har sau uku yana roƙonta ta amince. A karo na uku ta amince, ta ce masa a gaban mutanen gidan: “Tunda kai ka zo ka ɗauke shi, Zuberu, kai za ka maido mini da shi.” Ya amsa da cewa in Allah ya yarda.

An ɗauke su tare, suka yi horo tare, aka sanya Zuberu a sashen direbobi, Idirisu kuma a cikin sojojin ƙasa na bataliya ɗaya da shi. A watan Disamba na 1986 Zuberu ya auri Mamuna Nuruddin, tela ce 'yar unguwarsu. Allah ya ba su 'yarsu ta fari, Mubina, a 1987. A shekarar 1988 ya yi wata shida a Labanan cikin dakarun kiyaye zaman lafiya, ya dawo lafiya, aka ba shi muƙamin kofur a 1989, shekarar da aka haifi ɗansa Walid.

Laberiya

A ƙarshen watan Agusta na 1990 yana cikin sojojin Gana da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, a cikin rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka tura domin raba yaƙin basasar Laberiya. Aikinsa shi ne kai ruwa da abinci ga sojojin da ke shingayen bayan gari.

A mako na uku na watan Oktoba aka umarce shi da ya kai ruwa wani shinge. Ranar ba Idirisu ne aka rubuta zai raka motar ba, Zuberu ne ya roƙi sajen da ya musanya, domin su sami damar yin hira a hanya. Kafin su kai shingen suka faɗa cikin kwanton ɓauna, roka ta sami gaban motar. Ƙafarsa ta hagu ta ragargaje daga gwiwa zuwa ƙasa, dodon kunnensa na hagu ya fashe, ɓarɓashin ƙarfe kuma ya shige masa kwankwaso. Sojojin da ke motar baya suka jawo shi ta taga suka gudu da shi a cikin ruwan harsashi. Ba a iya komawa wurin ba sai bayan kwana uku, aka tarar da motar ta ƙone ƙurmus, ba a kuma sami wani abin da za a iya cewa gawar Idirisu ce ba. Daga baya aka aika wa mahaifiyarsa takardar rasuwa.

Jinya da Sallama

An yanke masa ƙafar a Monrobiya, aka kawo shi asibitin sojoji a Accra a watan Nuwamba, inda ya yi wata goma sha huɗu. An yi masa tiyata sau huɗu. Likitoci suka cire abin da za su iya cirewa na ƙarfen, suka bar guda biyu da suke dab da ƙashin baya, suka gaya masa da su zai rayu. Mahaifinsa ya rasu a watan Yuni na 1991 Zuberu yana kwance a asibiti, bai halarci jana'iza ba. An sallame shi daga aiki a farkon 1992 yana da shekara talatin da ɗaya, ya koma ɗaki biyu da aka ba shi a gidan gado a Zango, da ƙafar roba da sanda.

Shekarun Mma Anisa

Ya tarar Mma Anisa ta ƙi karɓar ta'aziyya tun daga ranar da takarda ta zo, tana cewa takarda ba gawa ba ce, sai ta ji daga bakin wanda ya tafi da ɗanta. Kwana biyu da dawowarsa ya je ya durƙusa a gabanta gwargwadon yadda ƙafar ta ba shi dama. Ya gaya mata cewa Idirisu ya cika nan take, da kalmar shahada a bakinsa, cewa shi da hannunsa ya rufe masa ido, kuma wani limami cikin sojojin Gine ya sallace shi aka binne shi a gindin wata bishiyar mangwaro. A kan wannan magana ce ta yarda aka yi sadaka, unguwa ta taru aka yi wa Idirisu addu'a.

A shekarar 1993 tsofaffin abokansa direbobi suka samar masa aikin yankan tikiti a tashar Kejetia, a layin motocin arewa. A nan aka laƙaba masa suna Baba Soja. Masu aiki tare da shi sun shaide shi da zuwa a kan lokaci da ƙarancin magana. Sun kuma tuna cewa a shekarun farko, duk lokacin da taya ta fashe a cikin tashar, sai a same shi a ƙarƙashin tebur yana rawar jiki, fasinjoji suna dariya, shi kuwa ya fito ya kakkaɓe rigarsa ya ci gaba da aiki. An haifi ɗansa na ƙarshe, Fu'ad, a 1995.

Tsawon shekara goma sha biyu bai taɓa barin Juma'a ta wuce ba tare da ya je gaishe da Mma Anisa bayan an sakko daga masallaci ba. Shi ne ya sa aka sake mata rufin ɗaki, matarsa Mamuna ce ke ɗinka mata kayan salla, kuma da ƙarfinta ya ƙare ta daina sana'a, daga tukunyar gidansa take ci. Kusan kowane zuwa sai ta sa ya maimaita mata labarin rasuwar, shi kuma ya maimaita.

A watan Mayu na 2004 ta kwanta ciwon ajali. Mamuna, wadda ke ɗakin a ranar, ita ce ta ba 'ya'yanta labarin abin da ya gudana. Bayan la'asar Mma Anisa ta sa aka tayar da ita zaune, ta ce:

“Zuberu, shekara goma sha biyu kana ba ni labari ɗaya, ko kalma ɗaya ba ka taɓa canzawa ba. Wanda ya ga abu da idonsa yakan manta wani, ya tuno wani. Ni tafiya zan yi. Gaya mini abin da ka gani.”

Sannan ya ce: “Mma, ban ga mutuwarsa ba. Da suka jawo ni yana cikin motar, ƙarfe ya danne shi, yana kiran sunana. Na ji shi har muka sha kwana. Kuma ranar ba aikinsa ba ne, ni na roƙa aka sa shi.”

“Limamin fa? Da mangwaron?”

“Babu, Mma.”

Ta ce: “Ashe na yi wa ɗana sadaka ban san ko ya mutu ba.” Ta sa aka kwantar da ita, ta juya fuskarta bango, ta ce ya tashi ya tafi.

Ya koma ƙofar gidan kwana tara a jere, ba ta yarda an shigar da shi ba. A rana ta goma ta rasu. Ya tsaya a sahun ƙarshe aka sallace ta, amma bai bi gawa zuwa maƙabarta ba. Daga wannan shekara ya daina zama a majalisar ƙofar gida, ya daina zuwa taron tsofaffin sojoji, ya kuma ba da kakinsa da lambobinsa aka kulle a akwatin ƙarfe na Mamuna.

Al'amarin Walid

Walid ya kammala sakandare a 2008, ya zauna shekara uku yana gyaran wayoyin hannu a rumfar wani a Kejetia. A shekarar 2011 ya cike takardun shiga soja ba tare da sanin mahaifinsa ba, ya ci jarrabawar farko, aka kira shi gwajin lafiya. Da labarin ya isa kunnen Zuberu, sai ya kira shi tsakar gida, ya kwance ƙafar robar ya ajiye a gabansa, ya ce ya duba da kyau. Walid ya ce: “Baba, ba kowa ne ke dawowa haka ba. In ban shiga ba, me zan yi a garin nan?” Zuberu ya karɓi takardun ya yayyaga, ya rantse cewa in ya sa kaki bai yafe masa ba duniya da lahira.

Walid bai je gwajin ba. Bai kuma ƙara zama cin abinci tare da mahaifinsa ba, gaisuwar safe kaɗai ta rage a tsakaninsu. A watan Satumba na 2013 ya ce wa mahaifiyarsa zai je Tamale sayo kaya, bayan mako biyu ya kira daga Agadas, ya ce ya kama hanyar Libiya. Ya yi wata goma sha ɗaya a can yana aikin gini, yana kira lokaci zuwa lokaci.

Kira na ƙarshe ya zo a watan Agusta na 2014, da hantsi. Ya gaya wa Mamuna cewa yana bakin teku, gobe ko jibi za su shiga jirgin ruwa zuwa Italiya, ya roƙi a ba Baba waya. Mamuna ta miƙa masa. Zuberu ya ce kunnensa ba ya jin magana a waya, ta gaya wa yaron Allah ya kiyaye. Mubina ta tabbatar cewa kunnensa na dama lafiya lau yake, da shi yake amsa waya a tasha kullum. Tun daga ranar ba a sake jin muryar Walid ba, lambar kuma ba ta sake shiga ba.

Barin Kejetia da Rasuwar Mamuna

A shekarar 2015, da aka tashi motoci daga Kejetia domin sake gina kasuwar, layin da yake wa aiki ya watse. Aka samar masa wani tebur a tashar Sofoline, a kan hanyar Sunyani. Shekara biyu yana shiga tirotiro, wato motar haya, safe da yamma daga Zango, dungulmin ƙafar yana gogar roba har ya zama gyambo. A 2017 aka gano yana da ciwon suga, ya bar aiki.

A waɗannan shekaru duk matashin da aka ce ya dawo daga Libiya, ko a unguwar Aboabo ko a Asawase ko a Sabon Zango, sai Zuberu ya neme shi da hoton Walid a aljihu. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a gidan yari, wani ya ce jirgin da ya tashi a makon ya nutse, wani ya ce jirage uku ne suka tashi, ɗaya ya isa. Babu wanda ya iya rantsewa a kan abin da ya faɗa.

Mamuna ta rasu ranar 2 ga Fabrairu, 2018, bayan ta yanke jiki ta faɗi a kan keken ɗinkinta sakamakon hawan jini. Shekararsu talatin da ɗaya da aure. 'Ya'yanta sun ce ba ta taɓa yi masa gorin maganar wayar ba, amma tun daga 2014 ba ta ƙara kiransa Soja ba, sunan da take kiransa da shi tun suna saurayi da budurwa. Ta koma ce masa Baban Mubina kamar kowa.

Shekarun Ƙarshe

A watan Maris na 2020 wani ƙaramin rauni a babban yatsan ƙafarsa ta dama ya ƙi warkewa, ya ci gaba har ƙafar ta yi baƙi. A watan Yuli aka yanke ta a saman gwiwa. Lungunan Tsohon Zango da kwatocinsu ba sa bin keken guragu, ƙofar ɗakinsa ma ta yi wa keken kaɗan, saboda haka Mubina da mijinta suka ɗauke shi zuwa gidan hayarsu a Sofoline. Ya bar unguwar da aka haife shi a cikinta yana da shekara hamsin da tara, bai sake kwana a cikinta ba.

A Sofoline ya wuni mafi yawan kwanakinsa a baranda yana fuskantar titi. Bai san kowa a unguwar ba, mafi yawan maƙwabta Asantawa ne masu gaishe shi da ladabi su wuce. Idanunsa suka raunana, karatun Alƙur'ani daga mushafi ya gagara, ya koma kan abin da ya haddace. Ƙarfen da ke kwankwasonsa, wanda ya yi shiru shekaru masu yawa, ya dawo yana hana shi zama a gefe ɗaya fiye da rabin sa'a.

A shekarar 2021, da Walid ya cika shekara bakwai da ɓacewa, 'yan uwan Zuberu suka zo da wani malami suka ba shi shawarar a yi wa yaron sadaka, domin zukata su huta. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce: “Na taɓa sa wata uwa ta yi wa ɗanta sadaka da ƙaryar bakina. Wanda ya ga gawar Walid a cikinku ya faɗa mini, in ya rantse sai a yi.” Ya ce a tura shi ciki. Ba a sake tayar da maganar a gabansa ba.

A watan Satumba na 2023 wurin tsohon raunin kwankwasonsa ya kumbura ya fashe, zazzaɓi ya kama shi. An kwantar da shi a asibiti mako uku, likitoci suka ce ƙodarsa ta gaza, jikinsa kuma ba zai ɗauki tiyata ba. Ya nemi a maida shi gida. Ya daina karɓar abinci sai ruwan koko kaɗan, ya kuma daina tambayar ko an sami labari, tambayar da ya saba yi wa Mubina kowace safiya tsawon shekara tara.

Ranar Laraba, 8 ga Nuwamba, bayan azahar, ya kira Mubina ita kaɗai. Ya ciro hoton Walid daga ƙarƙashin matashi ya ba ta, ya ce: “In kun tashi yi mini sadaka, ku haɗa da ɗan'uwanki. Ba zai zo ba. Ni na san haka tun ranar da na ƙi karɓar wayar nan.” Ta ce ya daina faɗin haka, Allah mai iko ne. Ya ce ya sani, amma yana so ta yi abin da ya ce.

Rasuwa da Jana'iza

Kofur Zuberu Munkaila ya rasu ranar Alhamis, 9 ga Nuwamba, 2023, a ƙarshen watan Rabi'ul Akhir na shekarar 1445 bayan Hijira, da misalin ƙarfe goma na safe, yana da shekara sittin da biyu. An kai gawarsa gidan mahaifinsa a Tsohon Zango, aka yi masa wanka da sutura a zauren da ya yi karatun allo, aka sallace shi bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Tafo. Direbobin tsohuwar tashar Kejetia sun halarta da yawa. Tsofaffin sojoji huɗu ne suka zo, biyu daga cikinsu ba su san shi ba, sanarwa suka ji.

An yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, duka da sunansa shi kaɗai. Mubina ba ta isar da wasiyyar ba sai bayan arba'in, lokacin da ta gaya wa ƙanenta Fu'ad. Da ya tambaye ta dalili, ta ce ta je gaban liman har sau biyu da niyyar faɗa, bakinta ya ƙi. Har zuwa lokacin da aka rubuta wannan tarihi ba a zartar da wasiyyar ba.

Ya rasu ya bar 'yan uwa biyar da jikoki huɗu, da 'ya'ya kamar haka: Mubina Zuberu, tela, tana aure a Sofoline; Fu'ad Zuberu, makanike a Suame; da Walid Zuberu, wanda aka haifa a 1989, aka ji muryarsa ta ƙarshe a watan Agusta na 2014, kuma ba a san inda yake ba.

Allah ya jiƙan Kofur Zuberu, ya yafe masa kurakuransa.